Baba Ya Hau Jirgin Kafanchan

Samaru, Zariya
Litinin, 2 ga Satumba, 2002

Baba Zailani,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya a gidan Anti Hephzibah, in dai can kuka sauka.

Jiya bayan coci na kai wa Babana, abokinku, abinci Sabon Gari, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciyarsa Oby ce ta gaya mini ta gan ku ranar Asabar kun nufi tashar jirgin ƙasa, kuna riƙe da hannunsa, wai Kafanchan za ku. Na buɗe ɗakin da makullina, sai ga maganin ɗigawarsa a kan tebur, kwalba biyun duka.

Kun san hawan jinin ido gare shi. Kun san Talata, goma ga wata, za a yi masa aiki. Shekara ashirin da bakwai yana tuƙa jirgi a layin nan, me ya rage da bai gani ba?

Na ba direban da zai kawo wasiƙar nan maganin. Sau biyu a rana. Don Allah ku ɗiga masa da hannunku, shi a kumatu yake zubarwa.

’Yarku,
Martina

Kafanchan
Laraba, 4 ga Satumba

’Yata Martina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso, kuma na ɗiga masa yau da safe. Na ɗauki laifina. Da ya ce in raka shi na ƙi, sai ya ce to zai tafi shi kaɗai. Kin dai san mahaifinki.

Tambayar da kika yi, ni ma na yi masa ita tun muna tashar Zariya. Ya ce, “Zailani, kai da kake duba tikiti ka ga ƙasar nan ta taga. Ni gaba kawai na kalla, ƙarfe biyu da sigina. Ban taɓa samun kallon gefe ba.”

Tun daga nan yana manne da taga. Dawa ta fara fitar da kai har Rigachikun. Mun kwana a Kaduna jiran jirgin kudu, da hantsi muka haye gada, kogi ya cika ya yi ja. Daga nan ƙasa ta yi ta ƙara kore, ga gonakin citta, ga duwatsu sun ɗora wa juna kai. Yana kiran sunan kowace tasha kafin mu iso, har fasinjoji suka koma tambayarsa.

Amma ba zan ɓoye miki ba. A Zonkwa wata mata ta miƙo masa gasasshiyar masara ta hagunsa, hannunta har yana taɓa rigarsa, bai gan ta ba. Ni na karɓa na biya ta.

Ya ce sai ya ga dutsen Kagoro sannan mu juyo. Jirgin Jos muke jira, ba wanda ya san ranar zuwansa.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Zailani

Samaru
Alhamis, 5 ga Satumba

Baba Zailani,

Ina gaisuwa. Da na karanta maganar masarar nan ban koma aji ba, na bar ɗalibaina na tafi wurin likitansa. Ashe idon hagun ya mutu tun kafin Ista, Baba ya roƙe shi kada a gaya mini. Na daman ma, in ji likita, kamar ta bakin kwalba yake gani da shi, kuma ko an yi aikin ba a ba da tabbas ba. In ya rasa Talatar nan sai Disamba, idon kuwa ba zai jira Disamba ba.

Ba na fushi da ku. Amma ku karanta masa wannan kamar yadda na rubuta: Baba, tun rasuwar Mama kai kaɗai gare ni. Ka ga dutsen in jirgi ya zo. In bai zo ba zuwa Lahadi, ku hau mota ku dawo.

Na gaishe da Anti.

Martina

Kagoro
Asabar, 7 ga Satumba

Martina,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Da hannuna nake rubutawa, ki yi haƙuri da girman baƙaƙen.

Jirgi ya zo yau. Na ga dutsen. Bai shiga idona gaba ɗaya ba, sai da na riƙa juya kai ina ɗaukarsa kaɗan-kaɗan, daga gindi har inda hadari ya rufe shi. Akwai wata mata da jan zane tana noma a ƙarƙashinsa. Ya ishe ni.

Litinin da rana za mu iso a mota. Kada ki yi wa Zailani faɗa.

Na ɓoye miki ne don tsoro nake ji, kuma har yanzu ina ji. Ranar Talata ki nemi izini a makaranta, ki shiga da ni har inda za su bar ki.

Mahaifinki,
Albert