Sunan da ban taɓa kira ba

Laraba da dare, Tsafe.

Muryar marigayi mijina Malam ta ɓace mini. Adireshin da jikana Sani ya ajiye karatunsa a intanet dogo ne kamar igiyar guga, shi ya sa ya gajarce mini shi nake latsawa bayan asuba. Yau na latsa, shiru.

Na kira shi Gusau na ce, "Angona, mai araha ka zaɓo mini, ko?" Bai yi dariya ba. Wai masu gajartawar sun rufe, dogon kuma babu wanda ya adana.

Ya ce, "Kaka, faɗa wa wayar cikakken sunansa ta nemo."

Ni da ban taɓa kiran sunan mijina ba tun ina amarya! Na rufe ƙofa, na faɗa a hankali. Wayar ta ce ba ta san shi ba.