Wayar da Ta Ratsa Wurin Sujada

Daren Laraba, Sabo, 1998

Yau kwamfutoci shida na ajin matan aure suka ƙi tashi. Ba su da rumbun ajiya, komai daga babbar da ke ofis suke jawowa ta waya ɗaya, kuma kowacce ta tsaya tana neman babbar. Na canza katin cikin kwamfuta da ake jona wa wayar, na kashe na kunna, har ɗalibaina suka gaji suka tafi. Ga shi da ƙyar mazajensu suka bar su zuwa.

Bayan Magariba Baba Sule maigadi ya ce, "Malama, ni na zare wayar nan. Ta ratsa daidai inda muke sa goshi."

Na kasa yi masa faɗa. Ni na shimfiɗa ta, ko alƙibla ban duba ba.