Garwa Bakwai a Kalakla

Kalakla, Nuwamba 1986

Zuwa ga ƙanena Labaran,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Barira da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Mu nan sai godiya. Kubra matar ɗana Zubairu ce ke rubuta mini, na kuma ce ta sa magana yadda ta fito daga bakina.

Ban manta abin da ka faɗa ba ranar da Zubairu ya ɗauke ni daga Jazira. A bakin lori, gaban jama'a, ka ce a birni ba abin da zan shuka sai gwiwata a kan tabarma. Aka yi dariya, har da Dogo da ni na koya wa riƙon fartanya. To ka ji, na yi shuka. Garwar mai guda bakwai na samu, Zubairu ya kawo mini ƙasar bakin kogi daga Aljirif, na dasa tumatir. Shekara arba'in ina noma hawashar wasu, wato gonar ban-ruwa, ranar girbi a raba biyu, mai gona ya fara zaɓa. Wannan kuwa nawa ne daga saiwa har ganye. In ya yi, sai ka zo da ƙafarka ka janye maganarka.

Ganyen dai ya soma rawaya. Kubra ta ce wai in huda gindin garwa ruwa ya riƙa fita, haka uwarta ke yi a Umdurman. Ka ji fa. Mu da muka sha faɗa a bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, saboda ruwa, ni zan buɗe masa hanyar gudu? Cika su nake yi har baki, yadda muke malale hawasha. Yunwa ce kawai ke damunsu.

Ka gaida kowa, ban da Dogo.

Yayanka,
Ƙasimu

Kalakla, Disamba 1986

Ƙanena Labaran,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da sanyin bana. Wasiƙarka ta iso, an karanta mini, na ji inda ka tambaya ko in aiko maka da lori ɗaya ko biyu na amfanin gona. Allah ya shirye ka.

Biyu sun mutu, ba zan ɓoye ba. Na zuba musu takin zamani cikin tafin hannu kamar na auduga, kwana biyu suka ƙone. Laifin mai kantin ne, bai ce mini takinsa na da zafi haka ba. Amma biyar ɗin, Labaran, da ka gani. Maƙwabciyarmu Sittana tana da tattabaru, ita ke ba ni busasshen kashinsu. Ina jiƙa shi kwana uku a bokiti, in tsarma da ruwa har ya zama kamar shayi marar ƙarfi, in ba su ranar Juma'a kawai. Ina ƙara ɗan toka da dakakken ɓawon ƙwai. Sun yi kore shar, na kafa musu kara na ɗaure su da tsumma, yau da safe na ga fure. Ruwa kuwa yanzu shanye shi suke yi nan take, ka san shuka mai lafiya da ƙishi. Na gaya wa Kubra ta duba ta koya. Ta ce ta gani.

Yayanka,
Ƙasimu

Baba Labaran, ni ce Kubra, wannan layin bai san da shi ba. Ranar da ya tafi jana'iza a unguwar Hajj Yusuf na huda garewani biyar ɗin da suka rage da ƙusa. Yashin tsakar gida na shanye ruwan, bai lura ba. Don Allah a rufa mini asiri.

Kalakla, Fabrairu 1987

Ƙanena Labaran,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Barira. Allah ya sa ƙafa ta yi sauƙi, don tafiya ta same ka.

Sun nuna. Ja wur, har kara na lanƙwasa. Na fari na yanka shi da gishiri na ci a tsaye, ban san hawaye ya zo mini ba sai da Zubairu ya kau da kai.

Akwai kuma wata magana. Shekaranjiya na ɗaga garwa ɗaya zan matsar da ita inuwa, sai na ga gindinta da huji shida, a jere, ba aikin tsatsa ba. Na duba sauran, haka. Wuni guda ban yi wa Kubra magana ba, abincinta ma sai da la'asar na ci, shi ma don miyar ta yi ƙamshi. Daga baya na zazzage garewani biyun da suka mutu, waɗanda ba a huda ba. Ƙasar ta yi ɗoyi, saiwar ta ruɓe baƙa ƙirin. Hawasha tana da ƙasa a ƙarƙashinta, garwa kuwa ƙarfe ne. Shekara arba'in ban taɓa noma a kan ƙarfe ba, ina zan sani? Ta ce kai ma ka sani tun Disamba. Wannan na ajiye maka shi, za mu yi maganarsa.

Jiya na yi girbi sosai, kwando ya cika. Na shimfiɗa buhu a tsakar gida na raba biyu, yadda aka saba, don gonar tawa ce amma da hannunta a ciki. Sai dai ni na ce ta fara zaɓa. Ba a taɓa yi mini haka ba, na ga ya kamata a yi wa wani. Tana ta dariya tana cewa ai tukunya ɗaya za su shiga. Ba ruwana, rabo rabo ne.

Ga tumatir nan a ƙulli na ba direban lori, daga kasona. Ka ba Dogo uku, kada ka ƙara. Ka zo kafin zafi ya shigo, akwai tabarma, kai ma ka shuka gwiwarka a kai ka faɗi abin da ya kamata ka faɗa.

Yayanka mai gona,
Ƙasimu, da abokiyar nomansa Kubra. Ni na ce ta rubuta hakan.