Malamar da Na Tura Jami'a

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Na bi shawararka, makarantarmu ta shiga shirin nan naku na horar da shugabannin makarantu. Malamar Lissafi na zaɓa. Ka san ƙarshen shekara zan yi ritaya, kuma ita nake so ta gaji kujerata. Aiki kam ta iya, amma in iyaye suka taru a zaure sai muryarta ta shige ciki. Ku gyara mini wannan, sauran na koya mata. Tun da ta tafi ni ke shiga ajinta, ga gilashina ya daina ganin ƙananan lambobi, yara na ta gyara mini amsa.

Ka gaida gida.
Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, na rasa ta inda zan fara ne.

Malamarki ta yi fice. Mun tura ta gwajin aiki wata makaranta bayan tashar mota, wadda ta daɗe ba shugaba, malamai sai sun ga dama suke zuwa. Kafin zangon ya ƙare har mai gadi ya koma buga ƙararrawa a kan lokaci. Na ga ta tsaya gaban iyaye tana magana ba gargada.

Da hukumar ilimi ta zo duba shirin, aka tambaye ni wa ya fi ƙwazo, na faɗi sunanta. Ni yabo na ɗauka. Makon jiya suka ba ta shugabancin makarantar. Na je na yi bayani, suka ce yarjejeniyarmu ba ta ce dole kowa ya koma inda ya fito ba. Ni na tsara yarjejeniyar, Yaya, kuma ban hango wannan ba.

Ƙanenki

*

Dakta,

Na ga saƙonka. Ban yi fushi ba, jikina ne ya yi sanyi. Na riga na sa kafinta ya rage ƙafar kujerar ofis, don malamar gajeruwa ce. Jiya aka kawo wanda zai karɓe ni. Mutumin kirki ne, sai dai da na nuna masa yarinyar nan ta aji uku da ba ta ji da kunnen hagu, na ce a riƙa zaunar da ita gefen taga, ya ce to, idonsa na kan wayarsa.

Da na sani da na riƙe malamar a nan da ƙaramar muryarta. Sai kuma in tuna yaran bayan tasha su ma 'ya'yan wasu ne, in rasa wanda zan ga laifinsa.

A gaida yara.
Yayarka

*

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Kada ki ɗora wa Dakta duka. An tambaye ni, kuma da na ce a'a da an bar ni na dawo. Na shiga ajin ƙarshe na makarantar bayan tasha na tarar ba su iya raba lamba ba, sai na kasa cewa a'a. Sau biyu ina zuwa ƙofar makarantarmu, in juya saboda kunya.

In kin amince, zan zo gida ranar Asabar.

'Yarki, malamar Lissafi

*

'Yata,

Ki zo. Ki taho da jadawalin malamanki, mu duba tare.

Mama