Wayata Ta Daina Mantuwa

Adam, kamfani ya karɓi aikin Gumsu! Af, sallama daga mahaifinka a Legas. Ya mai ɗakinka Falmata, ya ruwan Auyo?

Jikata Gumsu ta tsara yadda manhajar manoma za ta karanta fayil ɗin saitinta, wato inda take ajiye zaɓin harshe da girman rubutu, ta kuma adana shi, da umarni biyu kacal. Da, kullum sai wayata ta mayar da ni Turanci da ƙananan baƙaƙe, ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata! Yanzu Hausata tana nan daram.

Amma kai ubanta kana cewa ta dawo gida, wai danne-dannen banza take yi? Raina ya ɓaci. Ba inda za ta.

Idona da sauƙi, ɗayan dai sai a hankali. Allah ya yi muku albarka. Ku taho dukanku ku gani!