Bashir da ƙafar Baba Danjuma

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ciwon bayan Inna?

Tun da aka kwaso ofishinmu daga Legas aka jibge mu a Abuja, ban ga abin da ya faranta mini rai ba sai wannan. Na kai maƙwabcina na Mpape, Baba Danjuma mai fasa dutse, asibitin da ɗanki Bashir yake koyon aikin likita. Bashir ya ce, "Baba, yaya jiki?" Tsoho ya ce, "Da sauƙi." Ya rubuta masa magani ya sallame shi, alhali ƙafa na ruɓewa cikin takalmi.

Da muka koma, har ana zancen yankewa. Tsohon ya dubi Bashir ya ce, "Oga likita, gaisuwa ka yi, gaisuwa na amsa. Ƙafa kuma ba wanda ya gaishe ta."

Na zaci zai hura hanci irin na mutanen garin nan. Wallahi durƙusawa ya yi gaban manyansa, ya ce, "Laifina ne, Baba," ya wanke ciwon da hannunsa. Ƙafa ta tsira. Yanzu duk majinyacin da ya zo sai Bashir ya ce masa, "Mun gama gaisuwa, nuna mini wurin."

Har yau Bashir bai taka ɗakina ba, ina ciki da shi kan haka. Amma Yaya, kin haifi mutum.

Ku sa mu a addu'a. Ki gaida Inna da Malam. In sun tambayi jikina, ki ce da sauƙi.

Ƙaninki,
Sale