Rasuwar Hajiya Mai Cokali da Maganar Babi na Bakwai

Cikin alhini da miƙa lamari ga Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Tsoffin 'Yan Jarida Masu Rubutu Kan Lafiya da Abinci ta samu labarin rasuwar tsohuwar shugabarta, malamarmu kuma abokiyar aikinmu, fitacciyar marubuciya Hajiya Mai Cokali, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi a ɗakin mata na asibiti, bayan jinyar mako biyar. A tsawon wannan jinya, ban da 'ya'yanta, waɗanda suka leƙa ta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma mun ambaci haka ne domin tun ranar Laraba jaridu suka cika da hotonta da koke-koken mutanen da ko lambar gadonta ba su sani ba.

Marigayiya ta yi shekara talatin da huɗu tana aikin jarida. Ta fara ne a teburin lungu, kusa da ƙofar banɗaki, domin a wancan zamani, shafin lafiya na wanda ba shi da uwa a gindin murhu ne. Daga wannan tebur ta samu sunan da ya binne na yanka. Kullum akwai ƙaramin cokalin shayi da gwangwanin sukari a jakarta, kuma duk taron da masu kamfanin lemo suka kira, sai ta karanta jikin kwalba, ta auna sukarin da aka rubuta cokali-cokali cikin kofi a gaban kowa, ta tura wa manaja ta ce, ranka ya daɗe, lashe wannan tukuna, ni kuma in rubuta cewa yana gina jiki. Ba mu taɓa ganin manajan da ya lasa ba.

Littattafai uku ta bari. Tukunyar Mai Ƙaramin Ƙarfi ta rubuta shi ne bayan ta shekara tana zaman benci tare da iyaye mata a wurin awon yara, tana kuma ciyar da gidanta da daidai albashin mai shara, don kada ta ba talaka shawarar da tukunyarsa ba za ta ɗauka ba. Sha Yanzu Magani Yanzu ya tone asirin masu ƙwayar rage ƙiba da garin da ake cewa yana kashe ciwon sukari a kwana bakwai. Babbansu kuwa shi ne Abin Da Ke Cikin Kwalba. Ni, sakataren ƙungiya, ni na duba duka ukun kafin a kai maɗaba'a. Na kama ta da waƙafi a inda ba gurbinsa ba sau ba adadi, har tana yi mini tsiya wai jan birona ya fi asibiti zubar da jini, amma ban taɓa kama ta da kuskuren lamba ko ɗaya ba.

Babi na bakwai na wannan littafi, wanda ya ƙirga cokali tara na sukari a lemon da ake sayar wa yara a ƙofar makaranta, shi ya ci mata shafinta. Kamfanin lemon ya janye tallarsa daga jaridarta, sai mai girma edita na lokacin ya mayar da ita teburin sanarwar canjin suna da ɓatan takardu, inda ta yi shekara shida kafin ta ajiye aiki. Wannan editan, Allah Ya ƙara masa lafiya, shi ne ya cika rabin shafi jiya yana cewa uwa ta tafi ta bar su marayu. Mun karanta, mun kuma yaba da yadda maraicin bai hana shi tuna inda zai sa hotonsa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da mun yi shiru, domin kukan kura ba sabon abu ba ne a kunnen tsoho. To amma tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, wasiƙa ta iso mana daga maɗaba'arta da haɗin gwiwar shi wannan kamfani na lemo, cewa za a sake buga Abin Da Ke Cikin Kwalba da bango mai sheƙi, a raba wa makarantu kyauta, a kuma kafa gasa da sunanta, ana neman hatimin ƙungiya da 'yan kalmomin gabatarwa. Sun haɗo da samfuri. Idanuna sun yi rauni, sai da gilashi biyu nake karatu, amma ƙirga ba ta gagare ni ba tukuna, kuma ita ta koya mini. Littafin babi goma sha biyu ne. Samfurin babi goma sha ɗaya ne, an gyara lambobin tsaf, na takwas ya koma na bakwai, kamar yadda ake matse haƙora bayan an cire ɗaya.

Ƙungiya ta zauna a kan wannan buƙata. Cikin mu arba'in da ɗaya da muka kafa ta, mu biyu muka rage, ni da ma'ajinmu, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a gidan ɗansa. Can na je a tasi, na karanta masa wasiƙar. Harshensa ba ya juyawa, amma wuyansa yana juyawa, kuma ya girgiza kai har sau uku. Saboda haka muna sanar da maɗaba'a, da kamfani, da masu girma manajojinsu cewa ƙungiya, da murya ɗaya, ta ƙi. Hatiminmu tsoho ne, robarsa ta tsattsage, amma ba za a goge baki da shi ba.

Ga iyalan marigayiya, musamman babbar 'yarta wadda malamar jinya ce, da ƙanin ita 'yar, da jikoki, muna roƙon Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya jiƙan mahaifiyarku, Ya sa aljanna ce makomarta, Ya kuma ba ku ƙarfin zuciya, domin kwanakin nan za ku buƙace shi fiye da haƙuri. Ƙin da muka yi bai hana komai ba. Sa hannunku ne zai hana ko ya bari, kuma mun san za a zo muku da takarda da murmushi da addu'a mai tsawo. Ba mu da abin ba ku da zai kama ƙafar tayinsu.

Abin da muke da shi yana ofishin ƙungiya a hawa na uku, cikin aljihun ƙasa na kabad ɗin ƙarfe: babi na bakwai da rubutun hannunta, da tabon jan birona a gefe, da cokalin, wanda ta bar mana ranar da ta sauka daga shugabanci. Matakala arba'in da biyu ce, gwiwoyina sun daina hawanta tun bara. Mabuɗin yana wurina, ina gida kullum, ƙofata kuma ba ta da masu ƙwanƙwasawa. Ke babbar 'yarta, 'yata, ki zo ki karɓa, ki karanta kafin ki riƙe biron kowa. Ki zo da wuri, domin ni ma rana ta yi mini gora, ta kusa faɗuwa.

Malam Jan Biro
Sakatare kuma Kakaki,
Ƙungiyar Tsoffin 'Yan Jarida Masu Rubutu Kan Lafiya da Abinci